Muryar Baba A-Sake

Shafi na 14

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Saƙonninku sun iso. Akwai wata da ta rubuto sau tara tun jiya, "Baba ci gaba, Baba ci gaba," sai ka ce injin niƙa ta kunna. 'Yata, da yatsa ɗaya nake rubutun nan, idon ma ba na da ba ne. Ku kuma masu zagin Baba A-Sake a ƙarƙashin shafin jiya, ku riƙe bakinku tukuna. Ba ku ji ƙarshe ba kun yanke hukunci. Halin da ya lalata mana zamani ke nan.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda aka kwana.

Baba A-Sake magini ne, shekara arba'in da ɗaya yana aza bulo. Bakinsa ne ya ja masa sunan. In ya zo ya ɗora igiya a jikin bango ya ga karkata, ko ta faɗin farce ce, ba ya wani bayani, sai dai ka ji tsawa, "A sake!" Wata bakwai ke nan da ciwo ya ci maƙogwaronsa, likitoci suka cire abin da ke ba mutum murya, suka bar masa 'yar kafa a wuya yana numfashi ta nan. Tun ranar bai ƙara furta kalma ba, sai rubutu a littafi.

Kafin ya kwanta ya aza harsashin wani bene mai hawa biyu. Yana asibiti ɗan kwangila ya ɗora wasu biyu a kai. Sati uku da suka wuce benen ya rufta da tsakar rana. Leburori biyu suka rasu, biyar suka karye. Yau ƙarfe goma sha ɗaya kwamitin bincike zai zauna. Jiya kuma lauyan ɗan kwangila ya saki wani saƙon murya a intanet, ya ce Baba ne ya turo shi kafin a yi masa aiki. In kwamiti ya yarda, jinin mutum biyu ya hau kan tsoho.

To, mu je.

*

Ƙarfe tara na safe. Baba na zaune a kujerar katakon da ya haɗa da hannunsa, farin ƙyalle a wuya, littafi a cinya, fensirin magina a bayan kunne. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar makaranta, tana tsaye a kansa ta ƙanƙame waya a ƙirji.

"Baba, don Allah kada ka saurara. Ba amfani."

Ya ƙwanƙwasa hannun kujera da yatsa.

"Tun jiya gidajen rediyo ke sa shi. Mai shago ma yau na gaishe shi ya juya kai. Ka bari sai mun je can."

Ya sake ƙwanƙwasawa, wannan karon da ƙarfi. Ta danna, ta ajiye masa wayar a tafin hannu.

Sai murya ta fito.

"Ranka ya daɗe, na duba harsashin nan da kaina. Zai ɗauki hawa huɗu, har biyar ma. Ku ɗora, kada ku ji komai. In wani abu ya faru, a wuyana."

Jama'a, ku tsaya ku yi tunani. Mutum ya yi wata bakwai bai ji kansa ba, ko tarinsa ba ya fita da sauti. Rana ɗaya a ɗora masa muryarsa a tafin hannu, tana magana, bakinsa a rufe. Tsigar jikin Baba ta tashi har ana gani a damtsensa. Ya kai yatsu wuya ya shafa ƙyallen, kamar mai duba ko ta nan ta tsere.

Ya zaro fensir. Ya rubuta da manyan baƙaƙensa masu kama da sassaƙa:

NI NE.

"Baba..."

BAN TUNA BA.

Ya daɗe yana kallon bango. Ya ƙara:

KO ZAFIN CIWO NE YA SA NA FAƊA?

Wurin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan ke nan. Mai muryar kansa sun sa ya fara zargin kansa.

Idon Auta ya ciko. Akwai abin da ta kwana da shi a ƙirji, ta rasa ta inda za ta fara.

Ana cikin haka ƙofar bayan gida ta buɗe. Inna, matarsa, ta shigo da kumfar wanki har gwiwar hannu. Ita ba ta riƙe babbar waya, rediyon gidan kuma tun jiya Auta ta cire masa batir don kada ta ji.

"Wa ya kunna mini kaset?"

"Inna, ba kaset ba ne. Saƙon nan ne da ake ta..."

"Ke, rufe mini baki. Ina shanya na jiyo. Kaset ɗina ne. Maimaita in ji."

Ta goge hannu a zani, ta zauna a hannun kujera, ta rufe ido. Aka maimaita. Ta ce a ƙara. Aka ƙara. A na uku sai ga murmushi a fuskarta, a ranar da ba wanda ya yi tsammanin ganin haƙoran kowa a gidan.

"Wannan mijina ne," in ji ta. "Amma ba wannan na zaune ba. Wannan na shekara ashirin da shida baya ne."

Baba ya juyo.

"Malam, ina fiton ƙirjinka? Shekara goma sha biyu ke nan ƙurar siminti ta sa maka fito, kana magana yana bin ka, fiii, fiii, kamar buta a kan wuta. Ina yake a nan?"

Baba ya dafa ƙirji.

"Haƙoranka biyu na gaba da katako ya cire fa? Tun ranar kowace magana da iska take fito maka. Wannan mai maganar haƙoransa cif suke."

Baba ya kai harshe gurbin haƙoran.

"A bar wannan ma. Auta, tsakaninki da Allah, kin taɓa jin ubanki ya yi wa ɗan kwangila magana da wannan laushin? Mutumin da in ya ce a miƙo masa ruwa maƙwabta ke leƙowa su ga wa ake duka?"

"Ban taɓa ji ba, Inna."

"Ba za ki ji ba. Wannan murya ba ta taɓa zuwa wurin gini ba. Tawa ce. Lokacin da ya tafi aikin gada ya yi shekara uku, kina goye, da ita yake yi mini magana a kaset ya ba direban tifa ya kawo. Sai ya jira abokan ɗakinsa sun fita, ya ja rikoda kusa da baki, ya yi ƙasa da murya, don kada a ji shugaban magina yana cewa ya yi kewar gida."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya rubuta:

KE DAI BA KYA RUFA ASIRI.

"Yau ranar rufa asiri ce?" Ta juya kan Auta, murmushin ya ɗauke. "Kaset goma sha ɗaya na ba ki wata uku da suka wuce. Kin ce za a kwafe a waya don kada su lalace. Yaya aka yi muryar ɗakina ta je hannun lauya?"

Auta ta zube a gwiwa.

"Inna, wallahi alheri na nufa."

"Ban tambaye ki nufi ba."

"Akwai wata manhaja. In aka ba ta muryar mutum ta saurara, sai ta koya. Daga nan duk abin da ka rubuta, da muryarsa za ta faɗa."

"Ko bai taɓa faɗa ba?"

"Ko bai taɓa faɗa ba."

"Ko ya mutu?"

"Ko ya mutu, Inna."

"La'ilaha illallahu."

"Na ga jikoki suna yi wa Baba magana, kafin ya gama rubuta amsa sun gudu wasa. Abin yana ci mini rai. Na ce bari in mayar masa da muryarsa. Ba mu da wata maganarsa mai tsawo da aka naɗa sai kaset ɗinki. Na so sai ta gama daidaita in kawo masa ba zato."

Baba ya buga fensir a littafi sau biyu.

NUNA MINI.

Ta buɗe, ta rubuta 'yan kalmomi, ta danna.

"Maman yara, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam, ya ƙarfin ji..."

Inna ta amsa kafin ta tuna. Ta toshe baki da hannu biyu. Ta dubi wayar, ta dubi mijinta da leɓunansa ke haɗe, ta sake duban wayar. Sai ta zame daga hannun kujerar ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ikon Allah. Ikon Allah! Mun ga rediyo, mun ga talabijin, mun ga ana ganin fuskar mutum daga wata ƙasa. Amma a cire wa mutum murya da wuƙa a asibiti, a zo a same ta cikin gilashi tana gaishe ni?"

Baba ya karɓi wayar. Ya riƙe ta nesa da ido, ya shiga neman baƙaƙe da babban yatsan da siminti ya cinye wa zane. Ya ɗauki lokaci. Ya danna.

"A sake."

A hankali ta fito, da taushi, kamar mai roƙon a ƙara masa shayi.

Inna ta fashe da dariya hawaye na zuba. "Da haka kake faɗa, da ko lebura ɗaya bai taɓa rushe maka bango ba."

Kafaɗun Baba suka girgiza. Dariyarsa ke nan yanzu, ba sauti. Amma ba ta daɗe ba. Fuskarsa ta koma irin wadda yake yi in ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da guduma ya ji rami a ciki. Ya ajiye wayar ya koma littafi.

WA KE DA MABUƊINTA?

Auta ta kawar da kai.

Ya ja layi biyu a ƙarƙashin tambayar.

"Lambar sirri ce, Baba. Mu biyu muka san ta."

"Ke da wa?" in ji Inna.

A daidai nan aka yi hon a ƙofar gida.

*

Yaya ne, babban ɗansu. Shi ya gaji Baba a wurin aiki da ciwo ya kwantar da shi, shi ne shugaban ma'aikata ranar da benen ya rufta. Ya zo ya kai su zaman kwamiti. Ya shigo da sallama, makullin mota a yatsa. Cikin sati ukun nan ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baba, an tashi lafiya? Inna, ba ku shirya ba? Me kuke yi a ƙasa?"

Baba ya ɗauki wayar, ya rubuta, ya danna.

"Zauna."

Makullin ya faɗi daga yatsan Yaya.

"Ka gani," in ji Inna. "Ni da na ji, ƙasa na zauna ina salati. Kai ko 'mene ne wannan' ba ka ce ba."

"Inna, ai na san aikin da Auta ke..."

"Yaya," Auta ta katse shi. "Ranar da ka ce in ba ka lambar, za ka sa wa yaranka su ji muryar kakansu. Sun ji?"

"Ke, ni sa'anki ne?"

"Sun ji ko ba su ji ba?"

Ya dubi ƙofa. Ya dubi uwarsa. Da idonsa ya faɗa cikin na ubansa sai ya durƙusa a gaban kujerar.

"Baba, ka saurare ni. Kwana biyu bayan abin ya faru ɗan kwangila ya kira ni ofis, shi da lauyansa. Suka ce takardun duka hannuna ne a kai. Suka ce ni za a ɗaure, shekara ashirin ko fiye. Ni ne na yi subul da baka tun da, na ba su labarin manhajar ina alfahari da ƙanwata. Lauyan ya ce tsoho mara lafiya, mara murya, ba alƙalin da zai kai shi kurkuku. Ya ce za a yi surutu kwana biyu a manta."

"A manta," in ji Inna.

"Su suka rubuta a takarda. Kwanan watan da ke jikin saƙon ma su suka gyara. Ni kwafa kawai na yi na danna."

"Kai ka danna."

"Inna, 'ya'yana huɗu."

"Su waɗanda suka mutu duwatsu suka haifa?"

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Bai taɓa wayar ba. Littafi ya ɗauka, ya rubuta, ya juya wa Yaya.

ME NA CE MAKA A ƘOFAR ƊAKIN TIYATA?

"Ka ce biyu ne."

ƘARASA.

"Ka ce biyu ne, ko bulo ɗaya kada a ƙara."

Ku sani, ita ce magana ta ƙarshe da Baba ya yi da muryar da Allah ya ba shi. Matarsa na tsaye a wurin, 'yarsa na tsaye, ana tura gadonsa. A kan harsashi ya ƙarar da ita.

"Baba, wallahi ban yi sakaci ba. Da ya matsa sai an ɗora, na ƙara rodi a kowane ginshiƙi. Inda ake sa huɗu na sa shida. Na ƙara siminti a kwaɓi. Da kaina na tsaya a kai har aka zuba."

A SAMA.

"Na'am?"

KA ƘARA ƘARFI A SAMA. KA ƘARA NAUYI. ƘASA FA? WA YA ƘARA MATA?

Yaya ya kifa kai a gwiwar ubansa, ya fashe da kuka irin na manya, wanda ba ya fita da kyau.

"Na sani. Na sani, Baba. Har yanzu ina jin ƙarar a kunnena. Ba na roƙon ka yi ƙarya. Ka yi shiru kawai. In sun tambaye ka, ka sunkuyar da kai. Ba wanda zai ga laifin mara murya don ya yi shiru."

Inna ta dafa bango ta miƙe.

"Tsoro na yafe maka, kowa na jin sa. Amma kai, ɗan da na goya, ka ɗebi muryar da ubanka ya keɓe mini ka kai wa ɗan kwangila ya goge ƙafa? Shekara ashirin da shida ina ɓoyonta a ƙasan akwati. Ko ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ban taɓa kunna wa ba."

"Inna, ki yafe..."

"Kada ka kira ni yanzu."

Baba ya dubi agogon bango. Ya janye gwiwarsa a hankali daga ƙarƙashin kan Yaya. Ya sa hula, ya jefa wayar Auta a aljihun gaba, ya rubuta kalma biyu.

MU TAFI.

A mota Yaya na tuƙi yana share fuska da hannun riga. Sai da suka sauka, suna hawa matakalar zauren, Inna ta ja hannun rigar mijinta ta yi ƙasa da murya.

"Malam. Na faɗi abin da na faɗa, kuma gaskiya ce. Amma ni na haife shi."

Ya tsaya yana kallonta.

"Ban ce ka yi komai ba. Na dai gaya maka."

To, ku masu saurin hukunci, ga ku ga wurin. In ya yi shiru, sunan da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ginawa ya tafi, ya shiga kabari a matsayin wanda ya kashe mutum biyu. In ya yi magana, ɗansa ne.

*

Zauren ya cika har bakin taga. Fanka uku, ɗaya ce ke juyawa. Dogon tebur a gaba, mutum uku a bayansa, a tsakiya shugabar kwamiti, tsohuwar alƙaliya mai tabarau a kan hanci. 'Yan jarida sun ɗaga wayoyi sama. A layin gaba matar ɗaya daga cikin mamatan na zaune da jariri a cinya. Ba ta kuka, ba ta kallon kowa sai Baba. Ɗan kwangila na gefe cikin farar riga yana latse-latsen waya, kamar jiran mota yake. Yaya ya nemi kujerar ƙarshe, can baya.

Lauya ya tashi ya sa saƙon a lasifika. Muryar ta cika zauren, tun daga "Ranka ya daɗe" har "a wuyana." Aka fara gunaguni. Wani ya ce, "Azzalumin tsoho."

Sai aka ji ana buga sanda a ƙasa. Dogo ne, tsohon lebura, shekara goma sha tara yana ɗaukar kwanon kankare a bayan Baba. Ƙafarsa ɗaya na cikin filasta tun ranar da benen ya danne ta.

"Ranki ya daɗe, ba shi ba ne!"

"Malam, ba a ba ka izinin magana ba."

"A yi mini afuwa. Amma Baba A-Sake ya yi wannan doguwar magana bai ce wa kowa sakarai ba? Wallahi ba shi ba ne!"

Dariya ta ɓarke. Magina da leburori na baya suna ta "Gaskiya ne, Dogo!" Shugaba ta buga tebur.

"Kwamiti ba ya aiki da wannan." Ta juya. "Baba, an gaya mini ba ka iya magana. Ka gyaɗa kai ko ka girgiza, ya wadatar. Wannan muryarka ce?"

Baba ya miƙe. Bai gyaɗa ba, bai girgiza ba. Ya tako har gaban tebur, ya zaro wayar, ya riƙe ta nesa da ido ya fara neman baƙaƙe. Zauren ya yi tsit, sai kukan fankar nan guda. Minti ɗaya. Minti biyu.

"Ranki ya daɗe," in ji lauya, "wannan ɓata lokacin..."

"Zauna."

Shugaba ce ta faɗa, lauya ya zauna. Baba ya kara wayar a bakin makirufo. Ya danna.

"Ranki ya daɗe, muryata ce. Maganar ba tawa ba ce."

Wata mata ta rafka salati. Wayar wani ɗan jarida ta suɓuce ta faɗi, bai ko sunkuya ba. Dogo ya saki baki, sandarsa ta zame. Murya ɗaya ce sak da wadda suka gama ji yanzu, ga mai ita tsaye a gabansu, leɓe a haɗe, ƙyalle a wuya.

Shugaba ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta yagi takarda ta yi rubutu ta miƙa.

"A sa ta faɗi wannan."

Auta ta taso ta rubuta masa, ta koma wurinta. Baba ya danna.

"Ni jariri ne, jiya aka haife ni."

Da natsuwa ta faɗa, kamar mai ba da shaida bayan rantsuwa. Abin dariya ne, amma ko mutum ɗaya bai yi ba. Kowa a zauren ya tuna saƙon murya nawa ya taɓa turawa, da hannun da suke a yanzu.

Shugaba ta jingina da kujera. Ba da kowa take ba, amma makirufo ya ɗauka.

"Shekara talatin ina shari'a da abin da kunne ya ji. To daga yau da me za mu riƙa shaida?"

Ɗan kwangila ya daina latsa waya.

Ta gyara zama. "Baba, in haka ne, wani ya zauna ya sa ka faɗi abin da ba ka faɗa ba, a kan rayukan mutane. Kwamiti na son suna. Wa ke iya buɗe wannan abin?"

Auta ta yunƙura za ta tashi. Baba ya yi mata nuni da tafin hannu, ta koma ta zauna.

Ya dubi matar mamacin. Jaririn ya farka yana tsotsar yatsa. Ya dubi Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ya sunkuya kan wayar. Wannan karon ya daɗe ƙwarai. Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa. Gumi ya jiƙa ƙyallen wuyansa.

Da ya gama sai ya juya wa tebur baya, ya fuskanci jama'a. Ya jawo makirufo. Ya danna.

"Ɗana. Ka iya sa ni magana. Taso ka sa ni in faɗi gaskiya."

Ba tsawa a cikinta, ko kaɗan. Ya ɗaga wayar ya miƙa ta can ƙarshen zaure.

Kawuna suka juya gaba ɗaya, wayoyin 'yan jarida suka bi.

Tsakanin Yaya da ƙofar fita taku biyu ne. A buɗe take, ba kowa a bakinta. Tsakaninsa da hannun ubansa, zaure guda cike da idanu.

Ya miƙe tsaye.